Bashin da Ƙasa Ke Bin Manomi: Noman Zamani da Wadatar Abinci a Duniya



Gabatarwa

Kafin in shiga cikin jawabina, ya kamata in yi wa jama'a bayani cewa ni ba malamin gona ba ne. Aikina shi ne nazarin harshen Hausa, saboda haka ta ƙofar harshe zan shiga wannan magana. Bahaushe yana da kalma guda, watau "ƙasa", wadda yake nufin abu uku da ita. Turɓayar da ake shuka a cikinta ƙasa ce, filin da mutum ya gada daga iyayensa ƙasa ce, haka kuma al'umma mai tuta da gwamnati ita ma ƙasa ce. A ganina wannan ba haɗari ba ne, domin idan ta farko ta mutu, sauran biyun ba za su daɗe a tsaye ba.

Abin da nake so in nuna a yau shi ne, kowane noma rance ne. Duk damin da manomi ya ɗauke daga gona, ya ɗauke shi ne tare da wani abu na ƙarfin ƙasar da ruwanta, kuma tilas ne a mayar, ko shi ya biya, ko 'ya'yansa su biya. Zan duba yadda noman duniya ya bunƙasa cikin shekaru ɗari da suka wuce, da irin bashin da ya ciwo, sa'an nan in dawo gida mu ga inda muka tsaya.

Ma'anar Wadatar Abinci

A shekarar 1996 shugabannin ƙasashe sun taru a birnin Rum, ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince da ma'anar wadatar abinci. A taƙaice, ba a cewa an wadata sai kowane mutum, a kowane lokaci, yana iya samun abinci isasshe, mai tsabta, mai gina jiki. Masana sun kasa wannan ma'ana gida huɗu. Na farko, abincin ya kasance akwai shi. Na biyu, mutum ya kasance yana da halin kai hannu gare shi. Na uku, jiki ya amfana da shi. Na huɗu, wannan hali ya ɗore, kada ya zama na bana kurum.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda masanin tattalin arzikin nan na Indiya, Amartya Sen, ya yi bayaninsa a littafin da ya wallafa a 1981. Ya bincika yunwar da aka yi a lardin Bengal a 1943, ya nuna cewa mutane sun mutu alhali akwai shinkafa a kasuwa, don kuwa farashinta ya fi ƙarfin lebura da masunci. Ashe cikar rumbun attajiri ba ta hana maƙwabcinsa kwana da yunwa. Wannan ne ya sa a 2023, lokacin da duniya ke noma hatsin da ba ta taɓa noma irinsa ba a zamanin kakanninmu, hukumar da na ambata ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 733 suna fama da yunwa.

Sharaɗi na huɗu kuwa, watau ɗorewa, shi ne ginshiƙin jawabina.

Yadda Noman Duniya Ya Sauya

A 1960 mutanen duniya wajen biliyan 3 ne. A watan Nuwamba na 2022 suka cika biliyan 8. A tsakanin wannan lokaci hatsin da ake nomawa ya ninka fiye da sau uku, alhali filin da ake shuka shi bai ƙaru da yawa ba. Abubuwa uku ne suka kawo haka.

Na farko shi ne takin zamani. A 1909 wani Bajamushe mai suna Fritz Haber ya gano hanyar kamo sinadarin naitirojin daga iska, sa'an nan Carl Bosch ya mai da wannan dabara ta zama masana'anta a 1913. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen da ke raye a yau da abincin da wannan taki ya haifar suke rayuwa.

Na biyu shi ne sabon iri. Wani Ba'amurke, Norman Borlaug, ya fara aiki a Meziko a 1944, ya yi ta auratayya tsakanin ire-iren alkama har ya sami mai gajeren kara, wadda ke shan taki da yawa ba tare da zangarniya ta rinjaye ta ta kwanta ba. A tsakiyar shekarun 1960 aka kai wannan iri Indiya da Pakistan. Alkamar Indiya ta tashi daga tan wajen miliyan 12 a 1965 zuwa wajen miliyan 20 a 1970, shekarar da aka ba Borlaug lambar Nobel ta zaman lafiya. Haka kuma a 1966 cibiyar binciken shinkafa da ke ƙasar Filifin ta fitar da irin da ake kira IR8, wanda ya yi wa shinkafa abin da aka yi wa alkama.

Na uku shi ne ban ruwa, ta hanyar madatsun ruwa da rijiyoyin burtsatse da injunan famfo. A yau kimanin kashi 70 cikin ɗari na ruwan daɗin da ɗan Adam ke ɗiba daga koguna da tafkuna da ƙarƙashin ƙasa, gona yake tafiya.

Babu mai hankalin da zai raina wannan aiki. Miliyoyin mutanen da aka yi hasashen yunwa za ta kashe sun rayu, sun haihu, sun ga jikokinsu. Amma fa rance aka ci, kuma masu bin bashin sun fara sallama a ƙofar gida.

Masu Bin Bashi Uku

Mai bin bashi na farko ita ce turɓaya. A farkon ƙarni na 20 manoman Amurka sun kafa garma a manyan filayen ciyawa na tsakiyar ƙasarsu, suka tumɓuke ciyawar da saiwoyinta ke riƙe da ƙasa, suka shuka alkama iyakar ganin ido. Da fari ya zo a shekarun 1930, sai iska ta riƙa kwashe gonakin tana yin gaba da su. Ranar 14 ga Afrilu, 1935, guguwar ƙura ta mai da rana dare a wasu jihohi, kuma dubban iyalai suka bar gonakinsu suka yi ƙaura. A wannan shekara gwamnatinsu ta kafa hukumar kiyaye ƙasar noma, aka kuma fara dasa itatuwa, waɗanda daga baya suka haura miliyan 200, domin su tare iska. Ƙasa mai arziki ke nan, amma sai da ta biya.

Mai bin bashi na biyu shi ne ruwa. Tafkin Aral da ke tsakiyar Asiya shi ne na huɗu a girma a duniya a 1960, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita wajen dubu 68. Hukumomin Tarayyar Sobiyet suka karkatar da kogunan nan biyu da ke shayar da shi, Amu Darya da Syr Darya, zuwa gonakin auduga. Audugar ta yi kyau, amma tafkin ya ƙafe har abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin goma ba, kuma jiragen masunta suna nan kife a kan rairayi a garin Moynak, nesa da bakin ruwa. A jihar Punjab ta Indiya kuwa, inda sabon iri ya fi yin albarka, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta nisa shekara bayan shekara, har a 2009 gwamnatin jihar ta kafa dokar hana dasa shinkafa kafin ranar 10 ga Yuni, domin a jira damina ta kusato.

Mai bin bashi na uku ita ce kasuwar waje. Noman zamani ya sa duniya ta dogara ga amfanin gona kaɗan, da ƙasashe kaɗan masu sayar da su. Alkama da shinkafa da masara su kaɗai ke ba ɗan Adam wajen rabin ƙarfin da yake samu daga tsirrai. Lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a watan Fabrairu na 2022, ƙasashen biyu ne ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake ciniki a duniya, Rasha kuma tana kan gaba wajen sayar da takin zamani. A watan Maris na shekarar, ma'aunin farashin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Mai shayi a bakin tasha bai san inda Bahar Aswad yake ba, amma ya ji yaƙin a kuɗin burodi, domin yawancin alkamar da muke ci a Nijeriya daga waje ake sayo ta.

Mu Ma Mun Taɓa Ci, Mun Kuma Taɓa Biya

Kada ɗalibai su ɗauka wannan labarin wasu ne can nesa. Bahaushe yana raɗa wa yunwa suna kamar yadda yake raɗa wa jariri, don kada a manta da ita. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kuma nan da nan kamfanonin Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa da farashi mai tsoka, ga kuma harajin da sai da kuɗi ake biyansa. Manoma da yawa suka ba gyaɗa filin da dā na gero da dawa ne. A 1913 ruwa ya ɗauke, rumbuna kuwa ba su da kauri, sai aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa a 1914. Fari ne ya kunna wutar, amma kasuwa ce ta tara mata itace.

Bayan farin 1973 gwamnatoci sun ɗauki hanyar manyan ayyuka. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, sa'an nan shirin juyin noma a 1980. Ruwan Tiga ya raya noman rani a Kadawa da Kura, wannan gaskiya ne, kuma duk mai cin tumatir da shinkafa a Kano shaida ne. Amma ruwan da aka tare a sama, an rage shi ne daga rabon mutanen ƙasa. Ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara ta ragu, abin ya ƙaru bayan gina madatsar Challawa a 1992, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya da manoman fadama suka ɗauki asarar da ba a rubuta ta cikin lissafin aikin ba. A Borno kuwa an haƙa magudanai domin a jawo ruwan Tafkin Chadi a shayar da dubban hektoci na alkama da shinkafa, sai tafkin, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita wajen dubu 25 a farkon shekarun 1960, ya janye ya bar bakin magudanan a bushe a shekarun 1980.

Abin da Manomi Ya Riga Ya Sani

Yanzu bari in koma fagena. Idan mutum ya saurari maganar manomi Bahaushe, zai ji cewa yana ɗaukar gona kamar mai rai. Yakan ce gona ta gaji, ko ta mutu, ko ta farfaɗo. Yana da kalmar "saura" domin gonar da aka bari ta huta. Idan ya ga ƙuduji ya yi yawa a cikin dawa, ya san ƙasar tana kukan yunwa ne. Wanda ke magana haka ya san ana binsa bashi. Zan kawo misali uku na yadda yake biya.

Na farko, ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazarinsu tun shekarun 1960, ya tarar da jama'a a cunkushe, babu filin da za a bari ya huta, amma ana noma gonakin kowace shekara ba su mutu ba. Asirin abin shi ne taki. Ana ɗaure awaki da tumaki da damina, a ciyar da su da harawa da ciyawa, a tara kashinsu da tokar murhu. Da rani jakuna su kai itace da amfanin gona birni, su komo da mangala cike da shara da juji. Abin da birni ya ci, yana komawa gonar da ta ciyar da shi.

Na biyu, haɗa shuka. Malaman gona na zamanin Turawa, da waɗanda suka gaje su, sun daɗe suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin tsari ne. Sai David Norman da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka auna abin a ƙauyukan Zariya daga ƙarshen shekarun 1960, suka tarar cewa gonar haɗi ta fi gonar iri ɗaya riba a kan kowace eka, kuma ta fi ta tabbas. Dalili a fili yake. Gero yana nuna da wuri ya fid da iyali daga yunwar tsakiyar damina, dawa ta biyo baya, wake kuwa ya rufe ƙasa, saiwarsa ta ƙara mata naitirojin, harawarsa ta ciyar da dabbobi. Idan ruwa ya yaudari ɗaya, ɗaya zai tsira.

Na uku, kuma shi ya fi girma, ya faru ne a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. A can an saba sassabe gona ƙarƙaf, kuma dokar daji da aka gada daga Faransawa ta mai da itace mallakar gwamnati, saboda haka manomi bai ga amfanin renon abin da ba nasa ba. An kashe kuɗi da yawa wajen dasa itatuwa, yawancinsu suka mutu. A 1983 wani ma'aikaci ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa kowace bazara tohon kututture ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a sassabe sauran, a kiyaye su. Manoma suka raɗa wa dabarar suna "sassaben zamani", ta yi ta yaɗuwa daga gona zuwa gona bayan yunwar 1984, musamman da hukuma ta sassauta riƙon da ta yi wa itatuwan gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da hekta wajen miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Daga cikinsu akwai gawo, wanda kowane yaron ƙauye ya san halinsa: yana kaɗe ganyensa da damina, ya zama taki, bai kuma tare wa gero rana ba, sa'an nan ya yi ganye da 'ya'ya da rani lokacin da dabbobi ba su da abin ci.

Kada a Wuce Gona da Iri

Ina jin tsoron wani ya fita daga wannan ɗaki ya ce malamin Hausa ya ce a yar da takin zamani a koma zamanin kakanni. Ban faɗi haka ba. A watan Afrilu na 2021 gwamnatin Siri Lanka ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, ta ce kowa ya koma takin gargajiya. Shinkafa da ganyen shayi suka faɗi, aka janye dokar a watan Nuwamba, kuma wannan kuskure yana cikin abubuwan da suka jawo rikicin da ya kori shugaban ƙasar a 2022. Mu a Afirka ma matsalarmu ƙarancin taki ce. Lokacin da shugabannin nahiyar suka taru a Abuja a 2006, abin da manominmu ke zubawa bai wuce kilo 8 a hekta ba, suka yi alkawarin kai shi kilo 50. Kashin awaki ba zai ciyar da Nijeriya mai mutum fiye da miliyan 200 shi kaɗai ba. Amma buhun taki a kan rairayin da ba shi da ruɓaɓɓen ganye ko kashin dabba, ruwan farko ne zai wanke shi. Gargajiya da zamani tilas su yi aikin gayya a gona ɗaya.

Kammalawa

Ya Shugaba, zan rufe da shawara huɗu, biyu ga ma'aikata, ɗaya ga hukuma, ɗaya ga ɗalibai.

Ga ma'aikatan da ke tsara ayyuka, duk takardar aikin da aka kawo muku wadda ta faɗi tan nawa za a samu, ku tambayi mai ita daga ina ruwan zai fito, wa zai rasa shi, kuma yaya gonar za ta kasance bayan shekara ashirin. Sa'an nan ku auna nasarar aiki da shekarar fari, domin a shekarar albarka kowace dabara tana kama da hikima.

Har wa yau, ku ba gero da dawa da wake da rumbun ajiyarsu irin kulawar da ake ba alkama da shinkafa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin gero da danginsa, saboda suna jure zafi da ƙarancin ruwa, alhali mu da muka gaje su muna ɗaukarsu abincin ƙauye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga hukuma, babu manomin da zai reni gawo shekara goma a gonar da bai tabbata tasa ba ce, ko wadda yake tsoron a sace shi a cikinta. Manoman shinkafa da aka kashe a Zabarmari ta jihar Borno a watan Nuwamba na 2020, da gonakin da aka gudu aka bari a Zamfara da Katsina, sun isa su nuna cewa tsaron rai da tabbacin mallakar gona su ne takin farko.

Ga ɗalibai kuwa, musamman na sashenmu, idan kun koma gida hutu ku zauna da tsofaffi, ku rubuta sunayen ire-iren gero da dawa da wake na garinku, da sunayen ƙasa da ciyayi da itatuwa, da abin da aka san kowanne da shi. Duk irin da ya ɓace yakan tafi da sunansa, duk sunan da ya ɓace kuma yakan tafi da ilmin da ke cikinsa, kuma wata rana masu binciken Samaru za su nemi wannan ilmi a hannunku.

Ƙasar da muke nomawa amana ce, mun karɓe ta daga waɗanda suka biya nasu bashin, akwai kuma masu jiran su karɓa daga hannunmu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba mu ikon sauke amana.